Ƙarfi Aka Ƙara, Ko Ƙara Aka Ƙara? Batun Sauya Wa Inji Hanyar Shaƙar Iska

Ɗan yayata bai yi wata biyu da sayen Corolla ɗinsa ba, 'yar Beljiyam ƙirar 2006, sai ga shi wata Asabar da la'asar ya faka a ƙofar gida yana taka totur, motar na wani irin gurnani da ban san ta da shi ba. Ya ɗaga bonet yana murmushi. Baƙin akwatin robar nan na filtar iska da ke zaune kusa da batir babu shi babu alamarsa. A gurbinsa an ɗaura wani bututun ƙarfe mai sheƙi, a bakinsa an cusa jar filta mai siffar mazurari.

"Kawu, ka ji yadda take numfashi yanzu? Wanda ya sa min ya ce ƙarfinta ya ƙaru da doki 15, kuma za ta rage shan mai."

Na ce Allah ya sa alheri, amma ina akwatin? Ya ce ai ya bar wa yaran gareji.

Wannan sana'a ta daɗe a Amurka da Japan da Turai, inda kamfanoni irin su K&N da AEM da Injen suke sayar wa masu sha'awar mota bututu da filta su maye gurbin waɗanda mota ta fito da su daga masana'anta. YouTube da TikTok da kasuwannin intanet ne suka kawo mana abin har tsakar gida. A can ma ba a gama jayayya a kansa ba: wasu na rantsuwa motarsu ta zama wata daban, wasu na cewa asarar kuɗi ce kawai. Ni ina ganin kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, sai dai yankin da masu sayarwa suka riƙe ƙarami ne ainun, kuma yana ƙara ƙanƙancewa idan motar a ƙasarmu take.

Maganar masu sayarwa tana da tushe, shi ya sa take saurin shiga kunne. Injin fetur, idan aka bar duk wani ado, famfon iska ne. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus yana buƙatar kilo 14.7 na iska. Wato duk lita ɗaya da aka zuba maka a gidan mai, sai injinka ya zuƙi iska kusan lita 9,000 kafin ya gama da ita, kwatankwacin duro 45. Ƙara wa inji mai ba wuya ba ne, injekta mai fesa man ce za ta ɗan ƙara jimawa a buɗe. Abin da ke yi wa ƙarfin inji iyaka shi ne yawan iskar da ke shiga silinda. Saboda haka duk wanda ya ce maka ƙarin iska ƙarin ƙarfi ne, bai yi ƙarya ba. Abin da ba ya faɗa maka shi ne a ina iskar take maƙalewa.

Tsakanin filta da inji akwai maƙogwaro, a cikinsa akwai wani ɗan faifan ƙarfe da ke juyawa. Shi ne totur na ainihi, abin da ƙafarka take takawa saƙo kawai yake aika masa. Lokacin da kake tafiya a cikin gari, ko kana kan babban titi da gudun da ba na hauka ba, faifan nan a ɗan karkace kawai yake, ya toshe mafi yawan hanyar. Kai da kanka kake shaƙe injin, da gangan, domin da haka ake sarrafa gudun injin fetur. Mutum ne ya ɗan murɗa kan famfo yana alwala, sai wani ya zo ya ce bari ya sauya masa bututun da ya taso daga tanki da wanda ya fi shi faɗi don ruwa ya ƙaru. Ko ruwan ya ɗan ƙaru, mai alwala zai rage kan famfon ne ya koma daidai yadda yake so. Haka ƙafar direba take yi ba tare da ya ma sani ba. Faɗin bututu da sakin filta ba sa fara magana sai an take totur har ƙasa, allurar juyin inji ta haura can wajen juyi 5,000 ko 6,000 a minti, lokacin da injin lita 1.8 irin na ɗan yayata yake neman iska kusan lita 5,000 a minti ɗaya. Sau nawa a mako mai mota yake kai wa nan?

To mu ce ya kai. Nawa zai samu? Lissafin ba shi da wuya. Inji marar turbo, wato famfon da ke cusa wa inji iska da ƙarfi, ba shi da abin da ke tura masa iska sai nauyin sararin sama, wanda a bakin teku yake kusan kilofaskal 101 a ma'aunin matsin iska. Duk kilofaskal ɗaya da ya salwanta a hanya saboda ƙuncin bututu ko filta, kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne na iskar ya tafi, ƙarfin ma haka. Akwatin motar zamani mai lafiya, da filta mai tsabta, 'yan ƙalilan yake ci, shi ma sai a ƙololuwar gudun inji. Mu yi masa rashin adalci mu ce yana cin 3. Ko da za ka cire komai, ka bar maƙogwaron a buɗe ba filta ba bututu, iyakar abin da za ka ƙwato kashi 3 ne. A injin da ƙarfinsa yake wajen doki 130, doki 4 ke nan bai ma cika ba. Kuma babu filtar mazurarin da ba ta cin nata rabon. Doki 15 da aka yi wa yaron nan alkawari ya haura kashi 11 cikin ɗari. Ba za a iya ƙwato abin da tun farko ba a ƙwace ba.

Mai son ya san yadda kashi 10 na gaskiya yake a ƙafa, ya tambayi direbobin da ke hawa Jos ta Hawan Kibo. Jos tana kan tudu mai tsawon mita 1,200 da wani abu, kuma inji marar turbo yana asarar kusan kashi 3 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ya hau, don iska tana ƙara sakayau. Motar da ke tashi kamar barewa a Legas, a Filato sai ka ji ta yi nauyi. Wannan bambanci ne da ba sai an rantse maka ba. Na kashi 2 kuwa, ƙafa ba ta iya tantance shi.

Sai zafi, wanda a wurinmu ya fi ƙuncin bututu muhimmanci nesa ba kusa ba. Inji ba faɗin iska yake ci ba, nauyinta yake ci, domin a nan iskar da ke ƙona mai take. Iska mai zafi a buɗe take, ba ta da nauyi. Duk digiri 3 na ƙarin zafi yana rage mata kusan kashi ɗaya na nauyinta, a aikace kuma injiniyoyi kan lissafa asarar kashi ɗaya na ƙarfi a duk digiri 5 ko 6. Wanda ya taɓa bin hancin akwatin kamfani da hannu zai ga ba a cikin ɗakin inji yake shaƙa ba. Ya miƙa wuya ne zuwa bayan ragar gaba, ko gefen fitila, ko cikin fenda, inda iskar waje take. Wato abin da ake tallatawa da sunan bututun iska mai sanyi, mota ta zo da nata tun daga masana'anta, sai dai baƙi ne ba ya sheƙi.

Gajeren bututu irin na ɗan yayata kuwa a tsakiyar ɗakin yake, yana zuƙar iskar da ta riga ta ratsa lagireto ta kwashe zafinsa, ta bi ta jikin inji. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, waje ma zafi yana haura digiri 40. A cunkoso, ga na'urar sanyaya ɗaki a kunne, fanka na hura wuta, ƙarƙashin bonet yana iya fin waje da digiri 20 ko sama da haka. Kashi 3 ko 4 na ƙarfi ya tafi ke nan, daidai abin da aka je nema tun farko, ko fiye. Bai tsaya nan ba. Kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos, tana auna zafin iskar da ke shiga. Iska mai zafi tana sa mai ya fashe kafin lokacinsa, wannan ƙarar "kas-kas" da ake ji idan mota na hawa da kaya. Da kwamfuta ta ga zafi ya yi yawa, ko ta ji alamar wannan fashewa, sai ta jinkirta tartsatsin fulogi don ta kare fistin. Jinkirin nan ma ƙarfi yake ci. Idan mota ta hau titi ta miƙe, iska na kaɗawa, zafin kan sauka sosai, wannan gaskiya ne. Amma a tashin farko daga danja, inda yaro yake so ya nuna wa na kusa da shi, a nan ne motar ta fi rauni.

Masu ƙera kayan sun san da wannan, shi ya sa suke da dogon bututu da ke gangarawa ƙasa, ya kai filtar bayan bamba kusa da taya. Wannan ya magance zafi, kuma a gwaje-gwaje na gaskiya shi ne ya fi nuna ɗan ƙari. Amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Duk wanda ya yi tuƙi a biranenmu cikin watan Agusta ya san yadda titi yake komawa kogi cikin rabin sa'a. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan filtar nan ta nutse, inji ya zuƙi ruwa ya cika silinda, fistin zai taso da ƙarfinsa ya tarar da bango. Sandar da ke riƙe da shi ce za ta lanƙwashe ko ta karye, wani lokaci ta huda jikin inji ta fito. Cikin daƙiƙa ɗaya an koma maganar sayen inji. Ku dubi Land Cruiser da Hilux da ke bin hanyoyin Agadas da Dirku da arewacin Chadi. Su ma ana sauya musu hanyar shaƙa, amma sama ake kai ta, bututun ya bi gefen gilashi har kusa da rufi, wasu da ɗan tulu a kai mai wurgar da yashi kafin ya isa filta. Tsawon bututun yana ɗan rage musu iska, kuma sun yarda, domin mutumin da rayuwarsa ta rataya a kan inji a tsakiyar Sahara ba doki 3 ne damuwarsa ba.

Akwai wani ɗan abu da ake yawan mantawa da shi, wanda kanikawa ke kira iyafulo. Wata siririyar waya ce da ake ɗumamawa da lantarki a cikin bututu, iska na wucewa tana sanyaya ta, kwamfuta kuma tana gane yawan iskar daga yawan wutar da ake buƙata don wayar ta ci gaba da zafi. Wayar ba duk iskar take taɓawa ba, ɗan samfuri take ɗauka, kwamfuta ta ninka shi bisa faɗin bututun da aka koya mata a masana'anta. Ka sauya faɗin bututun, ko ka sa filta daf da wayar har iska ta riƙa zuwa a hargitse, ka sa kwamfuta tana lissafi da mudun da ba nata ba. Idan bututun ya fi faɗi, za ta ɗauka iskar ba ta kai yadda take ba, sai ta rage mai. A tafiyar yau da kullum na'urar da ke cikin salansa tana kama kuskuren, kwamfuta ta riƙa gyarawa, idan gyaran ya yi yawa ta kunna wutar cek, sikana, na'urar karanta matsalar mota, ta nuna lambar matsala P0171 ko P0101. A lokacin da aka take totur har ƙasa kuwa, motoci da yawa ba sa sauraren wannan na'ura. Kamfani da gangan yake sa inji ya sha mai fiye da kima a wannan hali, don ya sanyaya silinda ya kare abin tace hayaƙi. Idan sabon bututu ya ruɗi kwamfuta ta rage wannan rarar, ana iya ganin ƙarin doki biyu ko uku a kan na'urar gwaji. Ƙari ne na gaske, amma ba daga iska ya zo ba, daga garkuwar inji aka yanko shi. Tsofaffin Honda da yawa ba su da wannan waya, matsin iskar bayan totur suke aunawa, shi ya sa su ba su cika yin wannan rigima ba.

Filtar auduga irin ta K&N da wani mai nata (ba fetur ba) ake jiƙa ta, man ne ke kama ƙura. Idan mai wankewa ya cika hannu, man kan bi iska ya shafi wayar nan, ƙura ta manne. A 2004 kamfanin motoci na General Motors ya fitar wa dilolinsa sanarwa kan matsalolin inji da na giya da ya danganta da filtar da aka cika wa mai. K&N ya daɗe yana musanta cewa mansa na barin jikin filta. Ko wane ne mai gaskiya a ɗakin gwaji, a garejinmu inda ake wanke filta da fetur a shafe ta da baƙin mai, na san inda zan sa kuɗina.

Maganar rage shan mai ita ce mafi sauƙin warwarewa, domin an gwada ta ta ɗaya fuskar. A 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke jihar Tenesi a Amurka ta ɗauki motoci uku masu injekta, Toyota Camry ta 2003 da Dodge Charger ta 2006 da Buick Lucerne ta 2007, da kuma tsohuwar Pontiac ta 1972 mai kafireta, wato na'urar haɗa mai da iska ta da can marar kwamfuta, aka toshe musu filta da gangan. A motocin zamani ukun shan mai bai canja ba ta yadda za a ce wani abu, saboda kwamfuta tana auna iskar da ta shigo ta ba ta daidai man da ya dace. Abin da ya ragu shi ne saurin tashi, da kashi 6 zuwa 11. Mai kafireta ce kaɗai ta ƙara shan mai. To idan filtar da aka toshe ba ta sa Camry ta ƙara shan mai ba, ta yaya wadda ta ɗan fi saki za ta sa ta rage? Abin da ya fi faruwa shi ne akasin haka: ƙarar tana da daɗi, ƙafa sai ta ƙara nauyi.

Binciken nan kuma ya bayyana dalilin da ya sa wasu ke rantsuwa motarsu ta canja, kuma ba ƙarya suke yi ba. Mutumin da ya shekara biyu bai duba filtarsa ba, ta cushe da ƙasa kamar buhun siminti, ya cire ya sa mazurari, dole ya ji mota ta sake. Amma sabuwar filtar takarda ma da ta yi masa wannan aikin, a kan kuɗi kaɗan.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar. Ken Johnson da Norm McDonald, waɗanda haruffan sunayensu suka zama K&N, mutanen tseren babur ne a Kalifoniya, kuma a 1969 suka shiga harkar filtar auduga mai wankuwa. Ga ɗan tsere dabara ce mai kyau: iska na wucewa da yawa, a wanke bayan tsere, inji kuma dama ana kwance shi a kai a kai. Amma filta ba ta da sihiri. Idan girmanta bai ƙaru ba, hanyar da za ta bar iska ta fi wucewa ita ce ramukanta su fi faɗi, ramin da ya bar iska kuma zai bar ƙura. Akwai ma'aunin duniya na gwada filta, ISO 5011, inda ake hura mata ƙura mai sanannen nauyi a auna wadda ta tsallake. Lambobin da ke fitowa suna yaudarar ido. A ce wata ta tare kashi 99.9, wata ta tare 97, sai mutum ya ga ai duk ɗaya ne. Ka juya lissafin: ta farko ta bar kashi 0.1 ya wuce, ta biyu ta bar kashi 3. Ninki 30 ke nan.

A Jamus ko Japan, inda titi yake a share kuma ruwan sama na wanke iska duk shekara, ninki 30 na abin da bai taka kara ya karya ba yana iya zama abin haƙuri. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Maris a cikin hazo muke. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, iskar hunturu kuma kanmu take kwaso ta. Ka wanke mota da safe, kafin azahar yara sun rubuta suna a gilashin. Ka ƙara da hanyoyin unguwa marasa kwalta, da tirela a gabanka. Kaso mai yawa na ƙurar nan yashi ne mai laushi wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. Idan ya shiga, sai ya haɗu da baƙin mai ya zama kamar abin goge tukunya, yana cin ringi da bangon silinda da bakin bawul a hankali. Ba ranar ake gani ba, ba watan ba. Bayan shekara ɗaya ko biyu ne mota za ta fara shan baƙin mai, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, mai ita yana zagin wanda ya sayar masa da ita. Duro 45 na iskar hunturu a kan kowace lita, ka tuna.

Wannan ma idan filtar ta asali ce. Da yawa daga cikin jajaye da shuɗayen da ake gani a kasuwa kwaikwayo ne marasa suna, ragar waya da ƙyalle a bushe, ba mai ba komai. Ka ɗaga ta ka kalli rana, za ka ga haske yana ratsowa tsinke-tsinke.

To me ya sa kamfani bai sa bututu mai faɗi tun farko ba? Wasu na cewa rowa ce. Amma Toyota da Honda suna kashe maƙudan kuɗi don su fi juna da doki 5 a takardar talla. Da kashi 10 yana kwance a cikin bututun roba, da ba su bar wa mai shago ya tsinta ba. Abin da ya sa akwatin yake da ƙusoshi da wasu ƙananan tuluna a jikinsa shi ne an ɗora masa ayyuka da yawa: ya tare ƙura, ya kauce wa ruwa, ya kai iska ga wayar nan a nitse, ya kuma yi shiru. A Tarayyar Turai an daɗe iyakar ƙarar ƙaramar mota tana kan desibel 74 a ma'aunin ƙara, dokar 2014 kuma ta tsara a riƙa sauke ta mataki-mataki zuwa 68. Tulunan nan aikinsu irin na kwalbar da yaro yake hura bakinta ta yi kuka ne, ilimin da Bajamushen nan Hermann von Helmholtz ya yi bayaninsa tun ƙarni na 19. Ana auna girmansu su haɗiye wata ƙara ta musamman, wasu kuma suna taimaka wa inji ya cika cikinsa a ƙaramin gudu. Shi ya sa wani lokaci idan aka cire su, sai a samu doki biyu a sama, a rasa ɗan ja a tsakiya, inda ake tuƙin kullum.

Abin da ake samu tabbas idan an cire su shi ne ƙara. Kunne kuma yana da iko a kan ƙafa fiye da yadda muke zato. Kamfanonin ma sun san haka. Ford ya sa wa Mustang wani bututu da ba shi da aikin komai sai kai gurnanin inji cikin ɗaki. Volkswagen ya liƙa wa Golf GTI wata 'yar na'ura a gindin gilashin gaba da ke kwaikwayon ƙarar inji. BMW M5 ta 2011 ta lasifikar rediyo take ƙara wa direba sautin. Ni ba na raina wanda ya ce min don ƙarar ya saya. Kuɗinsa ne, sha'awarsa ce, kuma ya samu abin da ya biya. Wanda nake jayayya da shi shi ne mai ce wa ƙara ƙarfi.

Lambobin da ke jikin kwali ma a karanta su da hankali. A kan na'urar auna ƙarfi ake ɗora mota, sau da yawa bonet a buɗe, ƙatuwar fanka na hura ta, yanayin da babu mai tuƙi a cikinsa. Mota ɗaya, ba a taɓa mata komai ba, a gwada ta sau uku a jere, sakamakon kan bambanta da doki ɗaya ko biyu ko uku saboda zafin mai da na ruwa. Mai talla zai ɗauki mafi munin gwajin tsohon akwati da mafi kyawun na sabon bututu, ya nemo wurin da tazarar ta fi faɗi, ya rubuta "har zuwa" a gabanta da ƙananan haruffa.

Akwai inda abin yake aiki, kuma adalci ne a faɗa. Injin da aka riga aka taɓa, aka sauya masa kamshaf da salansa, aka sake rubuta masa kwamfuta, yana neman iskar da ta fi wadda aka auna wa akwatinsa, a nan akwatin yana iya zama ƙangi. Mota mai turbo ta fi kowa amfana, domin turbo yana zuƙa da ƙarfi, duk sauƙin da aka yi masa a baki yana rage masa wahala da zafi. Amma ko a nan, kwamfutar zamani tana da adadin ƙarfin da aka ce ta bayar, idan ta kai sai ta tsaya, saboda haka babban ƙarin daga sake rubuta kwamfutar yake zuwa, bututun ɗan rakiya ne. Kuma fukafukan turbo da ke juyawa sama da sau 100,000 a minti su ne suka fi komai tsoron yashi. Tsofaffin motoci masu kafireta da faranti a kai, masu shaƙar zafin inji kai tsaye, su ma sukan amfana idan aka jawo musu iskar waje. Akwai kuma ɗaiɗaikun motoci da kamfani ya ƙuntata wa hanci fiye da kima don neman shiru. Kayan kirki na irin waɗannan motoci za ka ga akwati ne rufaffe, mai shaƙa daga waje, mai filta babba, an kuma ƙera shi don wannan motar kaɗai, wato dai akwatin kamfani ne aka faɗaɗa. A Kalifoniya ma ba a yarda a hau titi da shi ba sai hukumar kula da iska ta jihar ta ba shi lambar amincewa. Maganar cewa gudu yana cusa iska cikin bututu kuwa, a kilomita 100 cikin sa'a matsin bai kai rabin kashi ɗaya ba. Sai babura irin su Hayabusa da ke doshin 300 ne suke cin moriyarsa.

Wanda yake so ya gani da idonsa ba sai ya yarda da ni ba. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket a ƙarƙashin sitiyari, kuma 'yar na'urar da ake cusawa ta haɗu da waya ba ta da tsada. Ya duba zafin iskar da ke shiga inji a cunkoso da kan titi, ya duba yawan gyaran man da kwamfuta ke yi, ya auna daƙiƙoƙin da mota ke ɗauka daga 60 zuwa 100 a titi ɗaya, zuwa da dawowa, da akwati da kuma mazurari.

Mu ba mu ma kai ga haka ba. Bayan mako shida wutar cek ta kama a motar yaron, muka je wajen bakaniken da nake kai wa tawa, dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin 504. Bai ko ɗauko sikana ba. Ya kwance ɗaurin filtar, ya zura yatsa cikin bututun ta ɓangaren da ya kamata a ce ba abin da ke wurin sai iska mai tsabta, ya shafo, ya miƙo wa yaron yatsan daf da fuskarsa. Ja-ja ne, kuma da ya murza shi da babban yatsa ana jin ƙuras-ƙuras.

"Samari, wannan duk cikin injinka yake tafiya."

Ya juyo gare ni ya ce, "Alhaji, ai nasa da sauƙi. Rabin motocin da ke shigowa nan, tiyon ya tsage an naɗe da salatif, ko maƙullan akwatin sun karye murfin na rawa, ko ka buɗe ka tarar babu filta gaba ɗaya. Wani kuma kullum a hura masa tsohuwa da kwamfuresa har ta huje."

Yaran garejin da aka bar wa akwatin tuni sun sayar. Washegari muka shiga Ƙofar Ruwa muka nemo wani na Beljiyam da tiyonsa da tulunsa, muka sa sabuwar filtar takarda, aka fesa wa iyafulo abin wankewa, aka juye baƙin mai. Wutar ta mutu. A hanyar komawa ya yi shiru har muka wuce danja biyu, sannan ya ce, "Kawu, amma fa ƙarar nan da daɗi."

Na ce masa wannan kam ban musa ba.